Riƙon amanar marayun Yaya a ƙarƙashin dokar harajin Ingila

Yaya ya rasu a Birmingham cikin watan Janairu na 2022, Allah ya jiƙansa da rahama. Bayan an yi sadakar uku, baƙi sun ragu, matarsa, wadda duk muke kira Anti, ta fito daga ɗaki ta miƙo mini wata ambulan mai ruwan ƙasa. Ta ce, "Baffan yara, ga wasiyyarsa. Sunanka yana ciki tare da nawa." Na karɓa na sa a aljihun riga, sai da na kwana biyu kafin na iya buɗe ta.

Shafi shida ne. Yaya ya naɗa mu biyu, ni da Anti, mu zama wasiyyai, kuma mu ne za mu riƙe amanar dukiyar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne babu inda aka rubuta wane ya samu kaza, wance ta samu kaza. Wasiyyar ta zuba komai cikin amana guda, ta bar wa masu riƙo ikon su ba wanda suka ga dama daga cikin jerin mutanen da aka lissafa: matarsa, 'ya'yansa, mahaifiyarsa. Sai wata takarda daban, da sa hannunsa, inda ya roƙe mu da mu raba bisa shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya. Lauyar da ta tsara masa wasiyyar ta yi mana bayani ta bidiyo, saboda Anti tana cikin takaba. Ta ce Musulmi da yawa a nan haka suke yi, tunda mutum bai san waɗanda za su gaje shi ba sai ranar da ya cika, kuma in bai bar wasiyya ba dokar Ingila ce za ta raba, ita kuwa ba ruwanta da tumuni ko sudusi.

Lissafin shari'a bai ba mu wahala ba. Malaminmu ya yi shi a bayan wata takarda cikin minti biyar. Asalin rabo 24 ne: Anti tana da tumunin takaba, kashi 3, Hajiya mahaifiyarmu da ke Kano tana da sudusi, kashi 4, ragowar 17 na yara uku ne, maza biyu da mace ɗaya, namiji rabon mata biyu. Ni ba ni da ko sisi, 'ya'ya maza sun katange ni. Wannan ya sauƙaƙa mini, domin duk maganar da na yi daga baya ba wanda zai ce kaina nake jawo wa ruwa.

Gidan da suke zaune bai shiga rabon wasiyya ba. Sun saye shi ne da sunayensu biyu bisa tsarin da ke cewa in ɗaya ya mutu ɗayan ya mallake duka, don haka ya koma hannun Anti kai tsaye, kuma babu harajin gado tsakanin miji da mata. A nan akwai abin da nake so duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya riƙe. An ɗaura aurensu ne a Kano, auren kuma sahihi ne a dokar Najeriya, shi ya sa Ingila ta karɓe shi. Wanda aka ɗaura masa aure a masallaci a Ingila bai yi rajistar gwamnati ba, doka ba ta ɗauki matarsa a matsayin mata ba, kuma wannan rangwamen ba zai same ta ba. Na san gidajen da wannan ya shafa, kuma abin ba daɗi.

Abin da ya rage shi ne wani fulat mai ɗaki biyu da yake bayarwa haya, an ƙimanta shi fam 210,000, da kuɗin banki da hannun jari wajen fam 150,000, sai gidan da ya gina a Kano. Gidan Kano ne ya fara tayar da ƙura. Da na kira gida na ce a nemo mai ƙimanta gidaje ya rubuto mana darajarsa a ranar rasuwa, Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, ina ruwan Ingila da gidan da aka gina da bulon Kano?" Ban ga laifinsa ba, mu a gida ba mu san wani harajin gado irin wannan ba. Amma dokar wancan lokaci ta ce duk wanda ya zauna a Birtaniya shekara 15 cikin 20 da suka wuce, ana lissafa dukiyarsa ta duk duniya, Yaya kuwa tun 2003 yake nan. Daga 6 ga Afrilu 2025 ma an sauya tsarin, shekara 10 cikin 20 ta isa. Aka ƙimanta gidan, muka juya nairar zuwa fam, ya kama wajen 60,000. Jimla, bayan cire basuka da kuɗin jana'iza, fam 420,000.

Dokar harajin gado ta bar wa kowane mamaci fam 325,000 na farko ba haraji, adadin da bai motsa ba tun 2009. Abin da ya haura, kashi 40 cikin 100 na gwamnati ne. Tunda wasiyyar ta zuba komai cikin amanar da ba ta ware wa kowa rabo ba, hukumar haraji ta HMRC ba ta ga rabon mata ba balle ta yafe shi. Abin da ta gani fam 95,000 ne sama da iyaka, harajinsa 38,000. Wa'adin biya kuma ƙarshen wata na shida bayan watan rasuwa, wato 31 ga Yuli 2022, kuma kotu ba za ta ba ka takardar izinin taɓa dukiyar ba sai an fara biya. Na yi kwanaki ina tunanin inda zan samo wannan kuɗi, kafin lauya ta nuna mini fom ɗin IHT423, wanda ke sa bankin mamaci ya tura kuɗin kai tsaye zuwa hukuma daga asusunsa da aka rufe. Ranar da na ga an cire kuɗin, na zauna a mota a bakin masallaci na kasa fitowa. Kuɗin marayu ne. Ayar nan ta Suratun Nisa'i da ke maganar masu cin dukiyar marayu da zalunci ba ta bar kunnena ba, ko da yake ba ni na ci ba.

Lauyar ta ce in kwantar da hankali, akwai ƙofa, amma shekara biyu kacal take a buɗe. Sashe na 144 na dokar harajin gado ta 1984 ya ce in masu riƙon irin wannan amana suka fitar da dukiya suka ba wani cikin shekara biyu da rasuwa, za a ɗauka kamar mamacin ne ya rubuta hakan a wasiyyarsa. Wato in muka ba Anti tumuninta a rubuce kafin Janairun 2024, rabonta zai fita daga lissafin haraji, a dawo mana da wajen fam 20,000. Na ji daɗi, amma na ɗauka nan maganar ta tsaya.

Wata rana ina gidan Anti muna jera takardun fulat ɗin a kan tebur, sai ta ɗauki wata tsohuwar takardar kuɗin wuta ta yi shiru tana kallonta. Ta ce, "A nan muka fara zama da na zo. A ɗakin nan na yi goyon babban." Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba, na dai ambata wa lauya a cikin hira. Sai na ji ta ce in maimaita. Ashe akwai ƙarin rangwame na fam 175,000 a kan gidan da mamaci ya taɓa zama a ciki lokacin da yake mallakarsa, muddin 'ya'yansa ko jikokinsa ne suka gaje shi. Ba sai yana ciki ya rasu ba. Amanar da ba ta ware wa kowa rabo ba ba ta cancanci wannan rangwame ba, amma in muka mayar da fulat ɗin cikin rabon yaran kafin shekara biyun ta cika, ya cancanta. In aka haɗa 325,000 da 175,000 an samu 500,000, abin da ake lissafa mana kuwa bai kai haka ba. Ma'ana duka 38,000 ɗin za su dawo. Wannan tsohuwar takardar wuta, da wasu wasiƙun asibiti masu adireshin fulat ɗin, su ne hujjarmu.

Daga nan muka shiga muhawarar da ta fi kowace tsawo, ta shekarun da za a miƙa wa yara dukiyarsu. Doka ta ba da hanya biyu ga yaran da iyayensu suka rasu. Ta farko, yaro ya mallaki rabonsa duka da zarar ya cika 18, kuma babu wani harajin gado da za a sake cira, ko a tsakiya ko a ranar miƙawa. Ta biyu, a jinkirta har zuwa 25, amma a biya harajin fita, wato wanda ake cira lokacin miƙa dukiyar, wanda ba ya wuce kashi 4.2 cikin 100. In kuwa muka bar amanar yadda take, duk shekara goma akwai harajin da zai iya kai kashi 6 cikin 100 na abin da ya haura iyaka, na farko zai faɗo a Janairun 2032, ga kuma wani harajin duk lokacin da aka fitar da uwar kuɗi.

Anti 25 take so. Ta ce, "Baffa, ka san yaran ƙasar nan. Ɗan shekara 18 ka ɗora masa wannan kuɗi, ka taimake shi ko ka cuce shi?" Maganarta tana da ƙarfi, ni ma na ji tsoron. Muka koma wurin Malam. Ya ce dukiyar tasu ce tun ranar da mahaifinsu ya cika, mu masu tsaro ne kawai, kuma Alƙur'ani ya ce a jarraba marayu, in an ga hankali da shiriya a tare da su a miƙa musu, a kuma kafa shaidu. Ya ce aikinmu shi ne mu koya musu riƙon kuɗi tun yanzu, ba mu jira ranar miƙawa ba. Mun yi wata biyu muna juya maganar. A ƙarshe muka tsaya a kan 18, kuma ba zan ɓoye ba, wani rangwamen harajin kuɗin shiga da zan ambata a gaba, wanda sai amanar 18 ce ke samunsa, ya taimaka wajen karkatar da mu. Har yau ina ganin hujjar Anti ba ta faɗi ba, kuma iyalin da suka zaɓi 25 ba su yi kuskure ba.

Muka sa hannu a takardun cikin Disamban 2023, saura makonni kaɗan ƙofar ta rufe. Anti ta karɓi tumuninta a kuɗi. Hajiya ta karɓi gidan Kano a matsayin mafi yawan sudusinta, bisa sulhun da aka yi a gaban malamai a can, aka cika mata ragowar. Fulat da sauran hannun jari suka zama na yara. Muka aika gyaran lissafi da fom ɗin IHT435 na rangwamen gida, bayan watanni kuɗin suka dawo, har da ɗan kuɗin ruwa a kai, wanda muka ware muka fitar da shi daga dukiyar yaran kamar yadda Malam ya umarta.

Duk wannan harajin gado ne, na lokaci ɗaya. Wanda ke zuwa kowace shekara shi ne harajin kuɗin shiga, kuma a nan na yi sakacin da har yanzu yake damuna.

Lokacin da muke tattara gado, kuɗin hayar fulat kashi 20 cikin 100 ake cira. Da aka gama tattarawa a Afrilun 2023 dukiyar ta koma hannunmu a matsayin masu riƙon amana, sai farashin ya tashi zuwa kashi 45 a kan haya da kuɗin ruwa, kashi 39.35 a kan ribar hannun jari. Wannan shi ne abin da wanda ya fi kowa yawan albashi a ƙasar ke biya a saman kuɗinsa, amma amana tana biyansa kusan tun daga fam na farko, kuma ba ta da rangwamen fam 12,570 da kowane mutum ke da shi. Dalilin a fili yake, gwamnati ba ta so masu kuɗi su ɓoye dukiya a amana su tsere wa haraji. Sai dai dokar ba ta bambanta attajiri da maraya a matakin farko ba. Komawa baya da sashe na 144 ke yi kuma ta harajin gado ce kaɗai, ba ta taɓa harajin haya ba.

Kafin mu biya ma sai da muka yi wa amanar rajista a shafin hukuma na intanet don a ba ta lambar haraji tata. Ana neman suna da ranar haihuwa da ƙasar zama ta kowane mai cin gajiya. Na kira Hajiya na tambaye ta ranar haihuwarta, ta ce ita dai an ce mata da kaka aka haife ta, ana yankan gero. Muka ɗauko fasfonta na aikin Hajji muka rubuta abin da ke ciki. Buɗe wa amanar asusu ma sai da bankuna biyu suka mayar da ni kafin na uku ya karɓa.

A shekarar haraji ta 2023 zuwa 2024, ribar hayar bayan cire gyare-gyare da inshora da ladan dillali ta kama fam 10,000. Dubun farko aka cire kashi 20, ragowar kashi 45, jimla 4,250. Wannan ce shekarar ƙarshe ta sassaucin dubun farko, daga 6 ga Afrilu 2024 an soke shi, sai dai amanar da kuɗin shigarta bai wuce fam 500 ba ba ta biyan komai. Na cike fom ɗin SA900, na harajin shekara na amana, na aika, na ɗauka kuɗin sun tafi ke nan. A cikin shekarar mun kashe wa yara fam 3,300 daga kuɗin hayar: kayan makaranta, kuɗin Islamiyya, kwamfutar babban, tabarau na auta. Na rubuta kowanne a littafi, na maƙala rasit, amma ban san wannan kashewar tana da wata alaƙa da haraji ba.

Wani akanta da muke sallar Juma'a tare ne ya tambaye ni ko na ba yaran R185. Na ce mene ne shi. Ya zaunar da ni a shagon shayi ya ɗauki biro. Ya ce duk fam 55 da amana ta kashe wa yaro daga kuɗin shigarta, doka tana kallonsa a matsayin fam 100 da yaron ya samu, aka riga aka cire masa 45. Yaron kuwa mutum ne mai rangwamen kansa na 12,570, ba shi da albashi, don haka bai kamata ya biya ko kwabo ba. Mai riƙon amana zai cike masa takardar R185 da ke nuna abin da aka ba shi da harajin da aka cire, uwarsa ta cike R40 a madadinsa, hukuma ta dawo da kuɗin. Fam 3,300 ɗinmu na nufin 6,000 kafin haraji, wato 2,700 na yara suna kwance a hannun hukuma. Ana da shekara huɗu a nema, bayan haka shi ke nan. Na yi ta tunanin da ban haɗu da mutumin nan ba, da na bar kuɗin marayu sun salwanta ina ganin na sauke nauyi.

Ya kuma ja mini kunne a kan abu biyu. Na farko, hukuma tana riƙe da lissafin jimlar harajin da amana ta biya, kamar rumbu, kuma daga cikinsa ake ɗibar kashi 45 da ake jingina wa duk kuɗin da aka ba mai cin gajiya. In rumbun bai isa ba, mai riƙo ne zai cika. Wannan yana kama mutane a kan ribar hannun jari, saboda kashi 39.35 ka zuba amma 45 za a ɗiba, don haka kada ka raba ribar duka kana zaton ka gama. Na biyu, wannan sauƙin ya samu ne saboda mai dukiyar ya rasu. Uban da ke raye in ya zuba wa ƙaramin ɗansa kuɗi a amana, duk abin da suka haifar sama da fam 100 a shekara a kansa za a lissafa harajin, ba a kan yaron ba.

Shi ne kuma ya ƙarasa mini bayanin rangwamen da lauya ta taɓa ambata. Yaron da bai kai 18 ba, wanda ɗaya daga iyayensa ya rasu, doka tana sa shi cikin masu rauni. In amanarsa irin wadda zai mallaka a 18 ce, masu riƙo da mai kula da yaron za su cike fom ɗin VPE1, daga nan harajin amanar zai sauko daidai da abin da yaron zai biya da a ce kuɗin hannunsa suka shiga kai tsaye. Ba sai an kashe kuɗin ba kafin a samu sauƙin, ko an tara su ma ya samu. Kowane yaro da fom ɗinsa, kuma in an shigar ba a janyewa. Muka shigar na ukun daga 6 ga Afrilu 2024. Rabon kowannensu daga hayar bai kai 12,570 ba, don haka harajin da a da zai kama 4,500 ya narke kusan gaba ɗaya. Duk da haka sai an cike SA900 kowace shekara an nemi rangwamen a ciki, ta takarda kafin 31 ga Oktoba, ta intanet kafin 31 ga Janairu.

Harajin ribar sayar da kadara bai taɓa mu sosai ba, saboda ana ɗaukar darajar kadara daga ranar rasuwa ne, ba daga ranar da Yaya ya saya ba. Amma na lura da yadda abin da ake yafe wa amana ya yi ta raguwa a idona: fam 6,150, ya koma 3,000, ya koma 1,500 daga Afrilun 2024. Zakka kuwa muna fitar da ita daga kuɗin yaran duk shekara, tunda a mazhabarmu tana wajaba a dukiyar maraya, kuma tana da shafinta a littafin.

Babban ya cika 18 a Maris na 2025. Tun yana 16 nake zaunar da shi duk ƙarshen wata mu duba shigar haya da fitarta tare, shi ya riƙa kiran mai gyaran famfo yana cinikin farashi. Ranar miƙawa muka taru a falon Anti bayan la'asar, da Malam da wasu dattawa biyu a matsayin shaidu, Hajiya tana kan waya daga Kano. Na ajiye masa fayil ɗin da littafin lissafi a gabansa. Ya buɗe yana bi layi-layi da yatsa, kamar yadda mahaifinsa ke karanta takarda. Ya tsaya a wani layi ya ce, "Baffa, wannan 1,080 ɗin da aka rubuta daga HMRC fa?" Na ce rabonsa ne daga 2,700 da aka dawo da su. Ya gyaɗa kai, ya karɓi biro ya sa hannu, shaidu suka sa nasu. Na ɗauki sauran fayil biyun, na ƙaninsa da na auta, na mayar cikin jaka. Na auta sai 2032.